Ambulan Bakwai da Tukunya Ɗaya: Yadda Za Ka Kai Matarka Hutu Tsibiri da Araha

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari za ka kai matarka hutun kwana bakwai a tsibiri mai farin yashi da bishiyoyin kwakwa, ka dawo da ita gida lafiya, aljihunka bai yi kuka ba. Ba ji na yi a bakin wani ba. Ni na je da ƙafata, na dawo har da canji.

Kafin ka ce wane ne wannan mai cika baki, sana'ata gyaran sikeli. Shekara talatin ke nan ina zaune a shago ɗaya, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti, ina daidaita allurar awon mutane. Mahauta, masu hatsi, masu sayar da ƙusa, duk a hannuna sikelinsu ke faɗin gaskiya. Mutumin da ya san nauyin komai ba a cutarsa a tafiya. Riƙe wannan maganar da kyau, za mu dawo kanta.

Mataki na 1: Yi alƙawari a gaban shaidu

Hutu ba ya farawa da kuɗi, da subul da baka yake farawa. Saboda haka ka nemi ranar da gida ya cika, an ci an ƙoshi, ka ji kanka ya yi girma, sai ka tambayi matarka abin da take so a duniya.

Ni ranar da yaranmu biyar suka taru a gida na yi nawa. Uwar yara tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan tsayuwar. Ta dafa wa mahaifiyata har Allah Ya yi mata rasuwa, ta dafa wa yara har suka yi gemu, ta dafa wa baƙin da ba su taɓa sallama kafin su zo ba. A bangon kicin ɗin akwai wata kalanda da mai fenti ya ba ni kyauta. Shekararta ta wuce da daɗewa, hayaƙi ya dafe gefenta, amma uwar yara ta hana a cire, saboda hoton da ke jiki: shuɗin ruwa, farin yashi, da kujera guda babu kowa a kanta.

Na ce, "Uwar yara, faɗi abin da kike so, yau ranarki ce."

Ta nuna kalandar da ludayi. "Ni dai Maigida, a kai ni can. Ba don ruwan ba ma. In yi kwana bakwai hannuna bai taɓa tukunya ba."

Na daki ƙirji na ce an gama. Babbar 'yarmu ta ce, "Baba, mun fa ji." Sauran suka ce su ma sun ji.

Lura da kyau, abu ɗaya ta roƙa, kuma abu ɗaya na ɗauka: kwana bakwai babu tukunya. Masana harkar tafiya sun yi ittifaƙi cewa alƙawarin da bai wuce jimla ɗaya ba shi ya fi saurin cika.

Mataki na 2: Raba kuɗinka cikin ambulan

Kada ka yarda da kati, kada ka yarda da waya. Kuɗin da ba ka ji nauyinsa a hannu ba, ba ka san lokacin da zai bar ka ba.

Bayan ka biya tikiti da masauki, abin da ya rage ka kasa shi bakwai. Sayi ambulan bakwai, rubuta sunan rana a bayan kowanne, ka liƙe da yawu, ka ƙara da salatif. Kowane ambulan abincin yini guda ne na mutum biyu a gidan cin abinci, safe da rana da yamma. Farashin kuwa kada ka wahalar da kanka da bincike. Tambayi wanda ya taɓa zuwa. Ni mai walda na tambaya, wanda ƙanin matarsa ya yi aiki a jirgin ruwa shekara tara da suka wuce. Ya ce can kifi kusan kyauta ne, roƙonka ake ka ci.

Wata goma sha huɗu na yi ina tara kuɗin nan. Na daina shan shayin waje, na ɗinke takalmina sau biyu. Ina faɗa maka ne don ka san da zuciya ɗaya na shiga lamarin.

Mataki na 3: Zaɓi lokaci da masauki kamar mai hankali

Akwai watannin da kowa ke zuwa tsibiri, akwai watannin da babu mai zuwa. Kai ka zaɓi na biyun. Tikiti rabin kuɗi, ɗaki rabin kuɗi. Kada ka tambayi dalilin da ya sa babu mai zuwa. Tambaya irin wannan ita ke sa mutum ya tsufa bai ga teku ba.

Wajen masauki, ka sa 'yarka ta jera maka su a waya daga mai araha zuwa mai tsada, ka dangwala yatsa a kan na farko. Namu an rubuta "minti biyar zuwa bakin teku." Ba a ce da ƙafa ba, ba a ce da mota ba, ni ma ban matsa ba. An kuma rubuta "akwai ɗan kicin a ciki." Babbar 'yarmu ta ɗago kai ta dube ni.

"Baba, kicin na mene ne?"

Na ce, "Na dafa ruwan shayi. Kuma ni zan dafa."

Ta ce to, amma irin "to" ɗin uwarta, mai ja.

Mataki na 4: Tanadi kayan ko-ta-kwana, amma a ɓoye

Mai hankali ba ya zuwa ƙasar mutane da ciki kawai. Idan aka rufe gidan abinci fa? Idan abincinsu bai karɓe ku ba fa? Saboda haka ka sayi ɗan abin taɓawa: ganyen shayi, sukari, madara, kifin gwangwani.

Daga nan hankali zai gaya maka cewa kifin gwangwani ba ya tafiya shi kaɗai, sai da shinkafa. Shinkafa kuma ba a sayenta kaɗan, asara ce. Shinkafa na son mai, mai na son albasa, albasa na son gishiri. Idan ka tsaya ka dubi wannan tarin arziki, za ka ga abu ɗaya ya rage, kuma ba ka san irin tukwanen da za ka tarar a can ba. Ɗauki taku ta gida, matsakaiciya, mai kunne ɗaya. Naɗe ta cikin tsohuwar rigarka, ka tura ta ƙasan akwati.

Wannan ba saɓa alƙawari ba ne. Ka ce hannunta ba zai taɓa tukunya ba, ba ka ce tukunya ba za ta yi tafiya ba. Duk da haka ka bari sai ta fita unguwa kafin ka shirya akwatin.

Ita kuwa abin da ta zuba bai taka kara ya karya ba: kaya kala huɗu, da sabuwar doguwar riga ruwan ganye da ta ɗinka musamman don zama a kujerar nan, da hoton kalandar da ta yanke ta ninke, wai za ta gwada ta gani ko ƙarya suka yi.

Mataki na 5: Auna kayanka a gida

Nan ne gwaninta take. Kamfanin jirgi ya ce kowane akwati kilo ashirin da uku, abin da ya haura sai ka biya. Mutane da yawa a filin jirgi suke sanin nauyin kayansu, abin kunya. Kai ka auna tun a gida.

Sikelin da nake da su a shago ƙanana ne, na kan tebur. Sai aka yi dace, a makon nan wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda duk layinmu ke kira Gwangwani, ya kawo babban sikelinsa na ƙasa, gilashin fuskarsa ya fashe. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, gilashin kawai za ka canza. Cikinsa lafiya lau yake, kada ka wahalar da kanka ka buɗe."

Na canza gilashi. Na kawo akwatunanmu biyu shago na ɗora. Na farko kilo ashirin da biyu, na biyu ashirin da biyu da rabi. Na yi hamdala, har na ƙara gwangwanin kifi biyu don kada in bar wa kamfani haƙƙina.

Duwatsun awo na gwaji suna nan a kan kanta, taku uku daga inda nake tsaye. Ban taɓa su ba. Gwani ba ya gwada abin da idonsa ya riga ya gani.

Mataki na 6: A filin jirgi, kare mutuncin sana'arka

Ka isa da wuri, ka ɗora akwati da hannu ɗaya kamar ba komai, ko da ka ji bayanka ya amsa. Wata ma'aikaciya mai fara'a za ta dubi na'urarta, ta dube ka.

"Ranka ya daɗe, wannan kilo talatin ne. Wancan talatin da ɗaya."

Kada ka firgita. Yi murmushi irin na manya ka ce, "'Yata, sikelinku na da matsala. Ni mai gyaransa ne, shekara talatin. Ba ni minti goma in duba muku, ba zan karɓi ko sisi ba."

Za ta ɗora akwatin a kan sikeli na biyu. Talatin. Na uku ma talatin. A nan ne wani abu zai faɗo maka a rai, irin abin da yaron da ya yi wata uku a shagona ya sani: mai sayarwa idan zai yi cuta, sikelinsa ƙara nauyi yake, mai saye kuwa nasa ragewa yake. Gwangwani saye yake yi. Kuma ya ce kada in buɗe cikinsa. Ya riƙe hannuna ma da zai faɗa.

Uwar yara ta matso. "Maigida, me muka zuba haka? Ko duwatsun shago ka ɗebo?"

Yanzu zaɓi biyu ne a gabanka. Ko ka buɗe akwati a gaban layin mutum arba'in, tukunya mai kunne ɗaya ta fito ta gaishe da matarka, ko ka biya. Ka biya. Ni ambulan uku na farke a wurin, Litinin da Talata da Laraba, na miƙa ina dariyar da ba ta kai ciki ba. Ka gane hikimar? Abincin da ka ɗauko don kada ka kashe kuɗi shi ne ya cinye kuɗin abinci. Samun irin wannan daidaito sai wanda ya daɗe a harkar awo.

Mataki na 7: Idan tukunya ta fito, dubi rufin ɗaki

Daga jirgin sama za ku shiga na ruwa, shi ma yana cajin kaya. Daga nan mota za ta hau da ku wani tudu, ta yi ta hawa har kunnenka ya toshe. Ambulan na huɗu ya tafi. Minti biyar ɗin gaskiya ne, idan mota ce kuma tana gangarawa babu birki. Da ƙafa minti arba'in ne, gwiwar uwar yara kuwa ta daɗe da daina shiri da tudu.

A hanya ka leƙa allon farashin wani gidan abinci. Za ka ga ashe ƙanin matar mai walda ya daɗe rabonsa da nan. Ambulan guda ba ya sayen abincin yini, faranti biyu yake saye, ban da ruwan sha.

Ɗakin ba laifi. Gado, fanka, kujera biyu, da kicin mai faɗin tabarma, da murhun gas mai baki ɗaya, da 'yar taga sama da wurin wanke-wanke. Sai lokacin buɗe akwati ya zo. Na so in riga ta, ta riga ni. Ta ɗaga tsohuwar rigata ta ji nauyi, ta warware.

Ta daɗe tana kallon tukunyar nan. Ta fito da shinkafa, ta fito da mai, ta fito da albasa, tana jera su a kan gado ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na gano cewa rufin ɗakin katako ne, kuma an yi masa fenti mai kyau.

Na shirya wa faɗa. Na tanadi amsoshi tun a jirgi, har da lissafi a takarda. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ashe tare muka zo da ita." Ta ninke doguwar rigarta ruwan ganye ta mayar cikin akwati, ta ɗaura zanen aiki, ta tambaye ni inda ashana take.

Idan taka ta yi haka, ka ɗauka an wuce wurin. Haka na ɗauka.

Mataki na 8: Fita binciken farashi kowace safiya

Yanzu tsari ya zauna. Saura ambulan uku, abinci kuma na fitowa daga kicin sau uku a rana ba tare da an taɓa su ba. Ka rubuta wannan a littafinka a matsayin riba.

Da safe bayan ka karya, ka ce za ka gangara ka binciko farashin mota da na kujerun bakin ruwa, don gobe ku je tare. Ka gangara, ka sha iska, ka tsoma ƙafa a ruwa don tabbatar da ingancinsa. Kafin ka hawo ta gama wanke-wanken safe ta ɗora na rana. Kafin a ci a wanke, hadari ya haɗu. A nan za ka gane abin da ya sa tikiti ya yi araha: ruwan sama na sauka kullum da azahar, ba ya fashi, ba ya makara, ya fi ma'aikata da yawa riƙon amana. Sai ka ce, "Gobe in Allah Ya kai mu." Ita ma ta ce Allah Ya kai mu.

Na yi haka rana ta biyu. Na yi rana ta uku.

A rana ta ukun na hawo da wuri, saboda na samo labari mai daɗi, wai idan ka yi ciniki ana rage kuɗin kujera. Na shigo ba ta ji ni ba. Tana tsaye a wurin wanke-wanke, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, hannunta cikin tukunya yana ta kankara, idonta a 'yar tagar nan. Na matsa na leƙa ta bayanta. Tsakanin tankin ruwa da bangon maƙwabta akwai wani ɗan tsagi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, a cikinsa teku yake. A bango kuma, sama da murhu, ta manna hoton kalandar da ɗan salatif ɗin da ta ɓare daga ambulan ɗina.

Ta juyo ta gan ni, ta yi murmushi. Wallahi da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

"Maigida, zo ka gani. Ba su yi ƙarya ba. Har ya fi na hoton shuɗi, ɗan abin da nake hangowa."

Na kai mace ƙetaren teku, na biya kuɗin jirgin tukunyarta da ambulan uku, don ta tsaya a kicin ɗin da ya fi nata ƙanƙanta tana kallon hoton da ta saba kallo a gida. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona. Wannan matakin ba dole ne ka bi shi ba. Na sa shi ne don na bi ta kansa.

Mataki na 9: Karɓi ludayi

Kada ka yi dogon jawabi, ba ka da abin faɗa. Washegari da sassafe ka farke ambulan, ka kira mota, ka ce ta sa rigar nan.

"Abincin rana fa?" in ji ta.

"Ni zan yi."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Kai? Ka san inda ake kunna murhu?"

"Mutumin da ke kwance cikin sikeli ya mayar, shinkafa ce za ta gagare shi?"

Ka kai ta bakin ruwa, ka kama mata kujera da laima, ka biya ba ciniki. Sannan ka hau tudu da ƙafa, don kuɗin mota na dawowarta ne. Ga yadda ake dafa shinkafa, daga bakin wanda ya yi: ka auna shinkafa daidai, ka auna ruwa daidai, ka auna gishiri daidai, ka rufe, ka zauna ka jira. Awo ba ya ƙarya. Bayan minti arba'in za ka sami hawa uku a tukunya ɗaya, ƙasa gawayi, tsakiya kunu, sama tsakuwa. Kwashe na tsakiya, juye kifin gwangwani a kai, rufe da faranti, ɗaure da ɗankwali, ka gangara da gudu kafin hadari.

Na same ta a kujera, rigar ruwan ganye na kaɗawa, ƙafafunta cikin yashi, hannuwanta biyu a kan cinya ba sa yin komai. Ban taɓa ganin hannuwan nan a zaune ba. Na tsaya daga nesa na ɗan jima ina kallo, abinci na hucewa.

Ta kai loma ɗaya, ta tauna a hankali, wani abu ya yi ƙaras a haƙorinta.

"Yaya?" na ce.

"Gishiri ya yi yawa. Shinkafar ba ta san an dafa ta ba." Ta sake kai wata lomar. "Amma ka san shekara nawa rabon da in ci abincin da ban san yadda aka yi shi ba? Miƙo cokalin can, kai ma ka ci hukuncinka."

Muka cinye tas. Da ruwa ya sauko muka fake a rumfar wata mai gasa kifi, muna ta dariya kamar yara.

Mataki na 10: Kada ka bar sukudireba a gida

Mai gasa kifin nan dattijuwa ce, ba ta jin yarenmu, ba ma jin nata. Amma ina zaune idona ya sauka kan sikelin da take auna kifi, na ga allurarsa na rawa kafin ta tsaya. Na ɗora kwalbar ruwan da na san nauyinta. Sikelin ragewa yake. Baiwar Allah nan kullum kyautar kifi take yi wa masu saye ba ta sani ba, gishirin teku ya cinye mata sifirin ɗin da ke jan allurar sikelin.

Na nuna sikelin, na nuna ƙirjina, na zaro sukudireba daga aljihu. Wannan karon na buɗe ciki. Minti ashirin allura ta tsaya cak. Da ta gane abin da ya faru ta dafe kai, ta yi wata doguwar magana da nake zaton zagin shekarun baya ne, sannan ta zaɓo kifi mafi girma ta ɗora a wuta. Washegari ta kira ƙawayenta biyu, kowace da nata sikelin a hammata.

Daga ranar tsarin ya zama haka: safe ni da tukunya, rana ni da sikeli, kifi na zuwa da kansa, uwar yara na kujera. Za ka ce to kai ina hutunka? Ɗan'uwa, a tafiyar nan na gano wani sirri da ba a rubutawa a tallan hutu. Duk inda ka ga mutum ya miƙe ƙafa yana hutawa, akwai wani a tsaye a bayansa. Shekara ashirin da shida ni ne mai miƙe ƙafar, kuma ban taɓa sa wannan a lissafi ba.

Mataki na 11: Rufe lissafi

Ranar dawowa ka zazzage ambulan na ƙarshe. Ni na sami tsaba biyu na kuɗin tsibirin, waɗanda babu mai canza su a duniya. Ga canjin da na yi maka alƙawari tun farko, suna nan a shago, kana iya zuwa ka gani.

Sauran shinkafa da mai na bar wa mai gasa kifi. Na ɗauki tukunya zan haɗa mata da ita, don kada ta sake ja mini kuɗin kaya, sai uwar yara ta riƙe kunnen tukunyar.

"Ina za ka kai ta?"

"Kyauta zan yi. Ba kin gaji da ganinta ba?"

"A'a, sa ta a akwati. Ai yanzu taka ce." Ta zuge zif da kanta. "Kuma Maigida, tunda kai mutumin awo ne, kwana bakwai ka ce a gaban yara. Na ƙirga, huɗu na samu."

Na buɗe baki in kawo maganar ranar tafiya da ranar dawowa, in ga ko za a yi mini ragi. Na tuna tsagin nan mai faɗin tafin hannu, na rufe bakina. Na ce saura uku, zan cika a gida, Asabar uku a jere.

Gwangwani kuwa ya zo karɓar sikelinsa ya tarar na buɗe ciki na daidaita masa shi tsaf, kyauta. Har yau ba ya gaishe ni.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan bin shawarwarinsa. Ba ruwansa da kuɗin kaya, ko ruwan azahar, ko ciwon baya, ko ƙonewar yatsa, ko dariyar da 'ya'yanka za su yi ranar da suka zo suka same ka da zane a ƙugu kana yankan albasa kana hawaye. Idan matarka ta saba da zama, kai ka kai ta, ba ni ba. Idan ka gano hannuwanta sun fi kyau a kan cinya, wannan ma matsalarka ce.

Mai ƙorafi ya same ni a shago, tsakanin mai walda da mai fenti, kowace rana ban da Asabar. Asabar ukun nan sun cika tun bara, amma ita ba ta ce sun cika ba, ni ma ban tuna mata ba. Ranar ina kicin da tukunyata mai kunne ɗaya, ita kuma tana kujera a bakin ƙofa cikin rigarta ruwan ganye, tana gaya mini gishiri ya yi yawa.